Gadon Halilu Mai Rijiya

Shekara talatin Halilu ya yi yana gina rijiyoyi tsakanin Kanambakashe da Gidan Amumune. A shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, damina kuma ta yi gardama, ciwon daji ya kama shi a ƙasan hanji. Aka tura shi Yamai, inda ake gasa ciwon da hasken na'ura. Bayan gashi goma sha biyu, ya gudo gida.

Da na je dubiya, matarsa Zara'u ta tare ni a zaure, ta kira ni da sunan da ake kiran malamin boko a nan, ta ce, "Mushe, tun da ya dawo bai nisanci masai ba. Jini ne zalla."

Na same shi a tabarma, ya rame. Ya ce, "Waɗanda muka fara tare suna cin tuwo, ni ko kunu ba ya zama. Ba ni komawa."

Na roƙe shi ya maimaita mini tambayoyin da aka yi masa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Tafinta, mai Hausar koyo, ya ce da ni, 'Ciwon na gado ne?' Na ce a'a, da ƙafata na zo, ban taɓa kwanciya ba."

Nan na gane kuskuren. Gadon kwanciya wasalinsa gajere ne; gadon iyaye sai an ja shi. Tafinta bai ja ba. Ni kuwa ina cikin waɗanda suka yi wa mahaifin Halilu sutura, da wan Halilu, Tanna, kuma wannan ciwon ne ya ɗauke su.

Na rubuta wa likita takarda da Faransanci, na bayyana cewa ciwon gadon iyaye ne. Halilu ya ture ta. "Takarda na tsayar da jini?"

Zara'u ta ce, "Malam, abin da ka gada, 'yarka Safi na iya gadarsa. In ka mutu a nan, wa zai gaya wa likitoci?"

Ya miƙa hannu ya karɓi takardar.

Da ya koma Yamai, likita ya karanta, ya dakatar da gashi, ya fara da jinyar hanjin. Ya ce wasu masu ciwon gado jikinsu ba ya jure hasken kamar na saura. Ya kuma nemi a kawo Safi a duba ta.

Halilu bai sake shiga rijiya ba. Daga baki yake nuna wa magina. In muka haɗu ranar kasuwa, yakan ɗaga sanda ya ce, "Mushe, gaaado. Na ja daidai?"