Kofin Tagulla a Harlem

Shekarar da ɗana na fari ya shiga kwaleji a nan New York, ya zo gida a unguwarmu ta Flatbush ya ce zai shiga wata tsohuwar ƙungiyar ɗalibai maza. A Najeriya, in aka ce ƙungiyar samari a jami'a, 'yan asiri da gatari muke tunawa.

"Baba, ba irin waccan ba ce," in ji shi. "Ta kwalejinmu ce kaɗai. Ta girmi kakanka."

"Shaiɗan ma ya girmi kakana," na ce.

Na bi abin daki-daki. Da farko na tambayi su wa suka kafa ta. Ya ce 'ya'yan baƙi 'yan ci-rani ne da sauran ƙungiyoyi suka ƙi karɓa, suka kama hayar gida a unguwar Harlem. Sannan na tambayi yadda ake shiga. Ya ce uba ne ke zuwa ya miƙa ɗansa. Daga nan sai ya soma kame-kame.

Ranar bikin shiga ƙungiyar ban kai tasina layin filin jirgin sama na JFK ba. Na sa babbar riga na tafi. Gidan ƙungiyar tsohon gini ne, hotunan mambobi sun cika bango, na farkon duk sun dushe. Aka jera mu, kowane uba da ɗansa a gabansa. Wani dattijo mai sanda ya fito da kofin tagulla mai hannu biyu, wanda waɗanda suka kafa ƙungiyar suka sha da shi. Al'adar ita ce uba ya kurɓa, ya ba ɗansa.

Tun kofin na hannun na kusa da ni na ji warin giya. In na ƙi, na kunyata yaron a gaban abokansa. In na yarda, da hannuna na ba shi.

Na karɓa na riƙe. Da ɗan Turancina na direba na ce mu ba ma sha. Ɗana ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya dube ni, ya ce a zubar, a wanke, a zuba ruwa. Na ce a wanke a gabana. Wani ya yi dariya, ni ban yi ba. Na kurɓa, ɗana ya kurɓa, aka tafa.

Ya rako ni bakin ƙofa. "Baba, ai da ka bari, ni da kaina zan faɗa musu."

"To me ya hana ka faɗa tun kafin yau?"

Ya koma cikin gidan da zai zauna daga ranar, ni kuwa na gangara tashar jirgin ƙasa ina ta juya shirun nan nasa a raina.