Gwangwanin Madara Mai Zane

Kwanakin baya wata yarinya ta tare ni a kasuwar Batsari, ta ce tana jin ra'ayin jama'a ne a kan baƙaƙen layukan nan na jikin kaya, waɗanda na'ura ke karantawa. Na yarda da su ko ban yarda ba? Na tsaya ina juya maganar, don ina tsoron faɗin abin da ba shi ne a raina ba, har ta gaji ta wuce.

A Runka na fara ganinsu, zamanin da arzikin fetur ya kwashe mana samari. Yayana na cikinsu. Ya samu aiki a Kaduna, ko da salla ya daina zuwa, sai dai ya aiko wa Inna madarar gari ta hannun wani direba. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta ce a kira mata shi. Amma in ta ji ƙugin mota, sai taɓarya ta tsaya a hannunta.

Wata rana gwangwani ya zo da zanen a gefe. Inna ta miƙo mini. "Kai da ka yi firamare, me aka ce nan?"

Na kasa. Hankalina ya tashi, kada a ce alamar haram ce. Ranar kasuwa na yi ta bin mutane da gwangwanin. Mai shayi ya ce layar Turawa ce. Wani tela ya ce tawada ce ta zube wa inji, in daina damun jama'a. Na koma gida bakina a bushe.

Inna ta yi mini dariya. "Wahalar banza ka sha. Ba ka ga ƙwaryata ba? Don me na yi mata zane, in ba don a san ta gidan nan ce a dawo da ita ba? Gwangwanin nan da mai shi. Kuma ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam."

Daga nan duk wanda ya ƙare sai ta cika shi da daddawa ko man shanu, ta ba direba ya kai wa Yaya. Yana ƙorafi: "Inna, fasinja sun fara toshe hanci!" Ni kuwa fargabata kada abokan aikin Yaya su yi masa dariya ya ƙara nisa da mu.

Bayan girbi sai ga Yaya da sallama. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, zubar da su ake yi fa. Zanen na na'urar kanti ne." Sannan ya ce tun da ya buɗe na man shanun ya kasa cin abincin Kaduna.

Ba ta dube shi ba. Ni ta kalla. "Gaya wa baƙonka ya wanke hannu, tuwo na hucewa."

Inna ta daɗe da rasuwa, hanyar Runka ma yanzu sai da addu'a. Har yau in na juya kaya na ga layukan, ƙamshin man shanunta nake ji.