Yadda Baffa Sale Ya Kashe Mana Tatsuniyar Rijiya

Ban taɓa ganin mutumin da ɗan karatu ya kumbura wa kai kamar Baffa Sale ba. Ƙanen mahaifina ne. Ya gama kwalejin horon malamai bai samu aiki ba, ya dawo gidanmu a unguwar Bolewa yana yawo da biro a aljihun gaba ko da masallaci za shi. Da ya rasa ajin da zai koyar, sai ya huce a kanmu.

Lokacin ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare. In an ci tuwo, mu yara mukan kewaye murhu, Kaka ta binne gyaɗa a toka mai zafi, ta miƙe ƙafa ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan tana tahowa. Hausarta da nauyin Bolanci, in labari ya yi daɗi sai ta zarce da waƙa cikin yarensu, mu yi ta amshi. Doka ɗaya gare ta: in ta fara ba a katse ta, ko tari ne sai ka haɗiye abinka.

Sai na faɗi gwajin Turanci. An ce mu raba jimla gida biyu, mu nuna subject, wato wanda ake magana a kansa, da predicate, abin da aka faɗa game da shi, ni kuwa na dagula su. Baffa ya riƙe baki kamar an yi rasuwa. Ya ce wa Baba hira ce ke cinye mana kai, amma shi ya san yadda za a more ta. Da yamma sai ga shi da ɗan allo da alli, har da kujerarsa.

Kaka ta ɗauko labarin wata marainiya da ta je ɗiban ruwa, rijiya ta kira sunanta, ta ce in ta ba ta ɗankunne ɗaya za ta nuna mata uwarta. Ko numfashi ba ta yi ba Baffa ya ɗaga hannu ya ce Inna ta dakata. Ya juya maganar da Turanci a allo, ya sa ni jan layi ɗaya a ƙarƙashin yarinyar, biyu a ƙarƙashin tafiyarta. Haka muka yi ta yi, Kaka ta faɗa, shi ya yanka, gyaɗa tana ƙonewa. Yarinya ta jefa ɗankunne, ruwa ya dare gida biyu, matakala ta bayyana, ta sa ƙafa ɗaya.

"Inna, wannan ta yi tsawo," in ji shi. "Ki riƙa yi gajeru-gajeru."

Kaka ta dube shi ta daɗe. Ta tono gyaɗar ta raba mana, ta karkaɗe zaninta.

"Sale, ni ban iya magana guntu-guntu ba. Kai da ka iya, ƙarasa musu."

Bawan Allah bai ma gane an yi fushi ba. Ya gyara zama ya ci gaba da yanka jimlar wani Musa da ya buga ƙwallo.

Mun roƙi Kaka ta ƙarasa mana har mun gaji. Kullum sai ta ce yarinya tana nan bakin rijiya, a bari malam ya gama da ita. Malam kuwa bai fasa kawo kujerarsa ba. Kafin ya samu aiki a Fika ciwon ƙirji ya cinye muryar Kaka, daga nan ba ta tashi ba.

Yau ni ma Turanci nake koyarwa, darasin nan kuwa bai fi aikin safiya ɗaya ba. Na daɗe da gane cewa wanda bai iya sauraro ba, ko me ka ba shi sai ya mai da shi allo. Har gobe Baffa yana bugun ƙirji a taro wai shi ya kafa mini tushe.

Da sallar bana na daure na tambaye shi abin da yarinyar ta tarar a rijiya, tunda shi kaɗai ya rage cikin 'ya'yan Kaka, ba mamaki ya ji ƙarshen yana yaro. Ya yi dariya ya ce shi ba ya ajiye shirme a kansa. A nan na tabbata marainiyar nan ba za ta taɓa ganin uwarta ba.