Jinin Jikana a Ƙofar Masallaci

Wautar da ta fi kowace girma a rayuwata da furfura na yi ta. Boko aji biyu na yi, allo kuwa malam ne ya gaji ya sallame ni.

A shekarun da aka fara shari'a, 'yata ta haifi namiji a asibiti nan Daura. Bai yi kuka da wuri ba, leɓunansa sun yi shuɗi-shuɗi. Na leƙa shi na ce, "Kai, da wannan ƙarfin za ka ƙwace mini mata?" Kakarsa ba ta yi dariya ba.

Washegari likita ya kira ni. Ya ce in naman zuciyar jariri ya ji ciwo, akwai abin da yake tsiyaya cikin jini, kamar yadda tsagaggen tulu ke jiƙa ƙasa. In an auna, za a san maganin da za a ba shi. Na'urar awon tana Katsina. Uban yaron ya tafi kudu da shanu, sai ni. Likita ya ba ni jinin yaron a 'yar kwalba cikin ƙaramar kula da ƙanƙara. "Baba, kada rana ta taɓa ta, kada ka tsaya."

Na shiga bas na rungume kular. Ba mu yi nisa ba na ji tana bugawa a cikina, a hankali, dif, dif. Na ce injin mota ne. Direba ya tsaya wani ƙauye don azahar, ya kashe mota, bugun bai daina ba.

A ƙofar masallaci wani mai gemu ya tambaye ni abin da na riƙe. Da bakina mai ƙaiƙayi na ce, "Jinin mutum." Sai da na yi ta bayani kafin ya sake ni. Ya ce jini najasa ne, ba ya shiga. Ni da ban iya ja da mai ilimi ba, kuma ina kunyar a ce tsoho ya ƙi jam'i, na ajiye kular wajen takalma, a rana. Liman ya makara, muka jira, ni har da nafila don a gani.

Da na fito na ɗauka, ruwa ne ke motsi a ciki. Na manna ta a cikina, na saurara. Shiru.

A Katsina malamar ɗakin gwaji ta taɓa kwalbar, ta ce ta yi ɗumi, a kawo wani. Na juyo da la'asar ina shirya ƙaryar da zan yi wa likita.

Ban buƙace ta ba. Na tarar an naɗe yaron a zanen kakarsa. Tun azahar, in ji nas.

Ban gaya wa kowa zancen masallacin ba, direban ma ban sake ganinsa ba. Bayan sadakar bakwai 'yata ta kawo mini fura, ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Baba, da azahar ɗin nan ka ajiye shi a ƙasa, ko?"