Wa Ke Bayan Dangar Nan?

Shekarar da aka sace wa mahaifiyata awaki uku a turke, ranar kasuwa da rana tsaka, ita ce shekarar da na ƙudurta sai na mallaki bindiga. Ina aikin akawu a Dutse, duk Juma'a in hau mota in tafi ƙauyenmu da ke wajen Miga, inda Inna take zaune tare da matata da 'ya'yana. Da na iso a wannan makon sai na tarar da guntayen igiya uku a jikin turke, Inna tana zaune a kan turmi tana kallonsu. Kunnenta ya daɗe da yin nauyi, ko awakin sun yi kuka a lokacin ba za ta ji ba. Ban taɓa jin ɓacin rai irin na ranar ba.

Amma in faɗi gaskiya, akwai wani kwaɗayin daban a ƙasan zuciyata. Bayan kaka maharban yankinmu sukan taru a bayan gari, su rataya ƙwarya a reshen tsamiya, kowa ya gwada hannunsa. Tun ina ƙarami nake zuwa kallo. Sai na ce to ga dalili ya samu, bindiga ɗaya ta ci mini gasa ta kuma tsare mini gida.

A wajenmu ba a sayen bindiga kamar yadda ake sayen fartanya. Maƙeri ba zai ko kalle ka ba sai wani dattijon maharbi ya tsaya maka, kuma dattijon da kowa ke jin maganarsa shi ne kawuna, autan su Inna. Gajere ne, siriri, mai tafiya kamar yana tsoron ya tashi ƙasa daga barci. Ya tsufa da bindiga a kafaɗa, amma ba a taɓa jin ta tashi a inda bai nufa ba. Ban san mutumin da nake ganin girmansa kamarsa ba, ban kuma san wanda ya kai shi iya kunyata mutum cikin ruwan sanyi ba.

Na same shi yana gyaran maratayin bindigarsa a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na zaro waya na nuna masa hotunan bindigogin Turai, masu madubi a sama, waɗanda na kwana biyu ina kallo a ofis maimakon aikin da aka ɗauke ni. Ya miƙar da hannu nesa da fuskarsa ya duba.

"Kai akawu ne ko soja?" in ji shi.

"Akawu ne, Kawu."

"To wannan ta hukuma ce. Irin tamu ta toka ce, ita ma sai da takarda. Me za ka yi da ita?"

Na ce gasa, da kuma tsaron gida.

"Taura biyu ba ta taunuwa, ɗan nan. Ta gasa mai natsuwa ne yake ɗaukarta. Ta gida kuwa, in ba mai fushi ba, to mai tsoro." Ya miƙo mini wayata. "Gobe da hantsi ina zuwa."

Na yi zaton da bindiga zai zo. Sai ga shi da karan dawa, ya karya shi daidai tsawon bindiga. Ya ce haka mahaifinsu ya yi masa, ba a ɗora wa mutum ƙarfe a kafaɗa sai ya zagaya gidansa da kara. Ya tsayar da ni a tsakar gida, ni da gemuna da 'ya'ya huɗu.

"Ga ɓarawo can a bakin turke. Auna shi."

Na ɗora kara a kafaɗa na auna, har da kanne ido.

"Wa ke bayan dangar nan?"

"Ba kowa, Kawu."

"Je ka gano."

Na zagaya na leƙa. Matar malam maƙwabcinmu ce take tankaɗe a madafinta, da goyo a bayanta. Na dawo na faɗa masa. Sai ya juya ni gabas ya sake tambayata. Nan hanyar rijiya ce. Kudu, rumfar da malam yake biya wa ɗalibansa karatu. Yamma, ɗakin Inna. Matata ta shige ɗaki tana toshe baki da mayafi, ina jin dariyarta. Inna ta fito ta tambaya da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, me muke yi haka. Kawu ya matsa kusa da kunnenta ya ce, "Ɗanki nake koya wa farautar ɓera, Yaya." Ta ce, "Kai dai auta har yau ba ka girma ba."

Da muka gama zagayen, babu kusurwa ɗaya a gidan da ba mutum a bayanta. Kawu ya ce bindigar toka watsa harbinta take yi, dangar kara kuwa ko ɗan tsako ba ta tarewa. Ya ce in tsaron awaki nake so, in kewaye turke da ƙaya, in sa ƙyaure da kwaɗo, in nemi kare, in kuma riƙa gaishe da maƙwabta da kyau. Na yi duk wannan, raina ba ya so. Asabar biyar yana zuwa da karan nan, tambayar kuma ba ta canza ba. Har ta kai in na ɗaga kara, kafin ya buɗe baki ƙafata ta kama hanyar zuwa dubawa.

Sai a Asabar ta shida ya kai ni wurin wani maƙeri abokinsa a wajen Taura. Bindigogi uku aka shimfiɗa mana a tabarma. Hannuna ya tafi kai tsaye kan wadda aka yi wa ado da ƙusoshin tagulla. Kawu ya ce in rufe ido, in ɗora kowacce a kafaɗa, in nufi wani tulu da ke jikin bango, sannan in buɗe. Mai adon sama take kallo. Ta biyun ta yi mini gajarta. Ta ukun doguwa ce, mai nauyi, gindinta baƙi ƙirin ba ko zane, amma da na buɗe ido sai na ga bakinta a kan tulun daidai.

"Kafaɗa ce take zaɓe," in ji Kawu. "Ido ɗan rakiya ne."

Shi ya raka ni aka yi takardu. Ya kuma kafa mini sharaɗi: bindigar a ɗakinsa za ta zauna, albarushi a wani wurin daban, in karɓa ranar koyo da ranar gasa kawai.

Gasata ta farko, ƙara ta cika daji, hayaƙi ya turnuƙe, da ya washe ƙwarya tana nan tana lilo lafiyarta ƙalau. Wani maharbi ya ce akawu ya sa hannu a iska. Kawu ya zo a ƙarshe, ya tsaya ya daɗe har mutane suka fara tari, sannan ya fasa ta gida biyu. Na tsaya ina kallonsa, daɗi ya cika ni kamar ni na harba.

A shekara ta biyu na fasa tawa ƙwaryar. Daga wurin gasar aka zo aka gaya wa Kawu rasuwar wani amininsa a wani gari, ya tafi gaisuwa, ya ce in riƙe bindigar kwana biyu, kada in sa mata komai a ciki. Na ce to. Washegari ranar kasuwa ce, irin ranar da aka yi mana sata, kaina kuma ya kumbura da kirarin jiya. Na ɗura mata ragowar albarushin gasa na jingine ta kusa da ni. Ba wanda ya sa ni.

Bayan azahar gidan ya yi tsit. Matata ta tafi kasuwa da yara, Inna ta tafi barkar haihuwa a unguwa, kare ya bi su. Ina kishingiɗe a gindin darbejiya sai na ji awaki suna kuka, ƙaya tana motsi. Ta kafofin zanar da ta raba tsakar gida da turke na hango mutum a sunkuye, hannunsa a kan igiya.

"Wane ne nan?" Shiru. Na sake tambaya da ƙarfi. Shiru.

Guntayen igiyoyin nan uku suka dawo mini a ido. Ban san lokacin da bindigar ta hau kafaɗata ba, ta kuwa zauna daram kamar yadda ta zauna a gidan maƙeri. Yatsana yana kan kunamar bindigar. Ba zan ce hankali ne ya zo mini ba, don a lokacin ba ni da shi. Ƙafata ce kawai ta yi abin da ta saba. Na sauke bakin bindigar ƙasa, na zagaya in gano.

Inna ce. Ta tuna ba ta ba awaki ruwa ba, ta dawo ta ƙofar baya, ta tarar igiya ta naɗe ƙafar wata 'yar akuya tana warware mata. Ta ɗago ta gan ni, ta ga abin da ke hannuna.

"Har yau ba ka mayar wa kawunka abin nan ba? Zo ka riƙe mini igiyar nan."

Na jingine bindigar na kama igiyar, ta suɓuce. Na sake kamawa, ta sake suɓucewa. Inna ta ce zaman ofis ya kashe mini hannu.

Da la'asar na tafi zauren Kawu na zauna har ya dawo. Na miƙa masa ita da hannu biyu. Ya zura sandar ɗuri a bakinta, ya ga inda ta tsaya, ya san akwai abu a ciki. Ya dube ni.

"Wa ke bayan dangar?"

"Yayarka ce, Kawu."

Kawu ya zazzage abin da ke cikin bindigar, ya shiga ɗaki ya rataye ta kusa da tasa. Da ya fito sai ya nufi tarin karan da ke jikin zaure, ya zaɓi ɗaya, ya karya shi daidai tsawon bindiga ya miƙo mini.

"Ranar Asabar da hantsi ina zuwa," in ji shi.