Keken Surukin Ladan

Duk wanda ya san layin dukawa a kasuwar Jega ya san Ladan, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai baƙin farce, wanda shagonsa ya fi kama da makabartar kekunan ɗinki. Ba keken telan riga yake taɓawa ba. Nasa su ne manyan nan na da, masu nauyin tsiya, waɗanda allurarsu ke huda fatar sa kamar tana shiga tuwo. Yakan je Aliero ya kwaso waɗanda masu ɗinkin tamfol suka yasar, ya jiƙa su a kananzir, ya kankare tsatsa, sannan ya ɗaura musu injin lantarki da bel, baduku ya huta da taka feda. Hannunsa na da albarka. Bakin ne dai sai a hankali, don yakan wuni bai ce uffan ba in ban da amsa sallama.

Da ba haka yake ba. Matarsa Raihanatu ce mai surutun gidan, shi kuwa aikinsa dariya. Ta rasu wajen haihuwa, abin da ke cikin ma bai zo da rai ba. Dangi sun yi ta nuna masa zawarawa har suka gaji suka ƙyale shi. Ya koma sayen abinci a tasha, ya ci a bakin shago yana kallon masu wucewa.

Wuri guda ya rage masa inda yake jin shi na wani ne, zauren surukinsa Malam Yari baduku, a Maiyama. To amma kowa ya san yadda surukuta take. Ba a zuwa wurin suruki hira, balle mace ta rasu babu ɗa a tsakani. Gaisuwar salla kawai, ka durƙusa, ka tashi, ka kama gabanka. Abin da ya rufa wa Ladan asiri shi ne keken tsohon, wani ƙaton tsohon ƙarfe da ya girmi Ladan kansa. Yau ya tsinke zare, gobe ya karya allura, jibi ƙoshiya ta maƙale. Da ya ɓaci sai a aika Jega.

Ladan kan zauna a tabarma ya baje ƙarafa, Malam Yari na gefe yana yanka fatar takalmi, ba mai kallon idon wani. Ba su taɓa ambatar sunanta ba. Can sai Goggo, mahaifiyar marigayiyar, ta aiko da tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa. Tsohon sai ya tuna da akuyoyinsa, ya miƙe ya fita, don ya san suruki ba ya cin abinci a gabansa. Miyar nan hannun Raihanatu ce sak, daga uwar ta koya. Ladan kan ci a hankali, yana jin muryoyin mata daga cikin gida, wani lokaci sai ya share ido da bayan hannu.

Ana nan sai gwiwoyin Malam Yari suka ƙi. Wata rana ya taka feda ya kasa kai ƙarshen ɗinki, ya ce, fuskarsa na kallon bango, “Malam, ƙahwahun ga sun gaza. In da hali a sa mai injin nan da kaka sa ma mutane.”

“In sha Allahu, Baba.”

Ladan ya san abin da wannan ke nufi. Ba a ɗaura inji a kan keke mai ciwo, gudun zai farfasa shi. Dole a warware shi kaf, a sauya duk abin da ya cinye. Keken da ya bi ta hannunsa haka kuwa sai ya yi shekaru bai nemi kowa ba. Ya ɗauko shi a a-kori-kura zuwa Jega, ya daɗe yana aikinsa fiye da kima. Zuciya ta raya masa ya bar wani ƙusa sako-sako. Wa zai sani? Sai ya tuna cewa da wannan keken tsohon yake ciyar da gida, ya ji kunyar kansa, ya ɗaure ƙusan tamau.

Ranar da ya mayar da shi, ya haɗa da batirin sola, keken ya kama gudu lami lafiya. Maƙwabta suka cika zaure suna sa albarka. Ladan kaɗai ne ya koma gida kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

Damina ta wuce, aka girbe gero, aka dasa albasa. Ba aike. Ranar kasuwa yakan tambayi dukawan Maiyama, “Keken Baba fa?” Su ce, “Ai Ladan ka gama aiki, ko tari ba ya yi!” Ya ce madalla, ya sunkuyar da kai. Kewa ta ci shi har ya rame, kuma babu wanda zai gaya wa, don wa zai ce yana baƙin cikin aikinsa ya yi kyau?

Sai wata safiya direban motar Maiyama ya leƙo. “Malam Yari ya ce keke ya tsaya.”

Ladan ko shagon bai rufe da kyau ba. Ya isa, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya duba. Bel ne ya rabu biyu. Ya juya shi a hannu. Bel ɗin da ya tsinke don kansa yakan yi gezar zare, wannan kuwa yanka ne sumul, irin wanda wuƙar baduku kaɗai ke yi.

Tsohon yana kallon bango ya ce, “Kayan zamanin ga ba su da ƙarko.”

Ladan ya ajiye yankakken bel ɗin a gefe. Ya ciro sabon bel daga jaka, mai ƙwarin gaske.

“Gaskiya ne, Baba,” ya ce. “Wanga ma ban ga alamar shina kai wata guda ba.”