Hoton Inna da Ɗan Farinta

Har gobe ranar da muka je ɗaukar hoto wata ruga kusa da Wushishi ba ta fita raina ba. Lokacin ina aiki a wani shagon hoto a Sabon Gari, nan Minna, ƙarƙashin maigidana Malam Sani. Ni ke riƙe da babbar kyamarar nan mai ƙafa uku, wadda ake lulluɓa da baƙin ƙyalle.

Wani Bafulatani, Buba, zai tafi aikin soja, yana son hoto shi da mahaifiyarsa. To shi ne ɗan fari. A al'adarsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, balle ta jera da shi. Inna ta ce a ɗauke ta ita kaɗai in ana so.

Gilashin kyamarar biyu ne a haɗe, na gaba da na baya. In ka kwance na gaba ka bar na baya shi kaɗai, yana jawo abu daga nesa, har mutum biyu da ke da tazara su fito kamar suna kusa. Sai dai haske yana raguwa, dole wanda ake ɗauka ya daɗe bai motsa ba. Na kwance na gaban, na ja can baya. Na zaunar da Inna gaban ƙoranta, Buba ya tsaya bayanta da 'yar tazara. Ta sani sarai, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ina buɗe gilashin, sai ta waiwaya ta kalle shi, shi kuwa idonsa na kan kyamara, bai lura ba. Na ce, "Inna, don Allah kar a motsa." Ta dawo da fuska, na sake ɗauka.

Da muka wanke, na farkon fuskarta ta yi dishi-dishi. Malam Sani ya ɗaga shi a haske, ya ce, "Wannan ba zai fita da sunan shagona ba." Ya yanka fim ɗin da almakashi. A ƙa'idar aiki gaskiyarsa ce. Muka ba Buba na biyun, tar da shi, Inna na kallon gaba.

Bayan shekaru Buba ya dawo a ƙara masa girman hoton. Inna ta rasu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ko a nan ma ba ta kalle ni ba."

Na ce, "Wallahi ta kalle ka. Daga ƙarƙashin ƙyalle na fito kenan, da idona na gani."

Ya miƙe tsaye. "Ina hoton yake?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Mu masu hoto an koya mana duk abin da ya motsa ya ɓata aiki. Tun daga ranar ban ƙara yar da fim ba sai mai shi ya gani. Amma Buba, da bakina kawai ya koma gida.